Ɗan Aiken da Ya Ƙi Amsa wa Malama Hanne

Tun da na dawo daga Babban Mutum 'yan majalisarmu ta kusa da Kusugu ba su bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce jandarmomin Nijar sun kama ni, wancan ya ce a'a, a kan suri aka gan ni tsaye ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na gaji da maimaita labari kowa na ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta. Maganar suri gaskiya ce. Ta kamu kuwa sharri ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da kwamfutoci a wata ƙungiya da ke yi wa dabbobi rigakafi a ƙasar Daura. Injiniya ake ce mini, ni kuma ban taɓa musawa ba. Muna da manhajar aiki a waya, kowane reshe da ɗakin hirarsa a ciki, kuma in ba ɗan reshen ba ne kai, ba ka ganin abin da ake faɗa a ɗakin. A manhajar na ɗora wani ɗan aike na na'ura, irin wanda ake kira bot. Ma'aikaci zai kira sunansa, ya gaya masa shanu da awakin da aka yi wa allura yau, shi kuma ya kai labari allon da ke bangon ofishin Oga. Da yake aikinsa isar da saƙo ne, sai na raɗa masa suna Isa. Na daɗe ina yaba wa kaina wannan basira.

Duk rassa suka yi kore a allo, sai ɗaya. Kullum aka buɗe ofis, da jan rubutu ɓaro-ɓaro: "Babban Mutum ya yi shiru." To Oga mutum ne mai jiki, kuma kujerarsa daidai ƙarƙashin allon take. Baƙo zai shigo, ya karanta, ya dubi Oga, ya rage murya. Ranar da wani dattijo ya tambaye shi, "Yallaɓai, ko rashi aka yi?" ranar ya aika a kira ni.

Mai riƙe da reshen Babban Mutum ita ce Malama Hanne, dattijuwa, tana aikin tun kafin a ɗauke ni. Ita ce matan ruga ke yarda ta taɓa musu awaki. Na kira ta a waya, ta ce kullum tana aikawa, sai layi ya yanke. Na duba wurin Isa, babu ko wasali daga gare ta. Daga baya ma ta ce manhajar ta daina buɗewa gaba ɗaya.

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji Oga. Ni na koya masa wannan magana, ranar na yi da-na-sani. "In wata ya ƙare jan nan bai gushe ba, a sallame ta a kawo mai jini a jika."

Na ce a bar ni in je in gani da idona. Tausayinta na ji, gaskiya ne, amma har da son in wanke Isa, don in laifinsa ne, nawa ne.

Da safe na shiga motar Zango. Na biya kujerar gaba don in zauna kamar ma'aikaci, sai direba ya ce in matsa, ya cusa mini wani bawan Allah mai buhun barkono a cinya. Daga Daura har Zango atishawa muke yi bi da bi, direba na yi mana addu'a har ya gaji ya ce ta farko ta wadatar.

A Zango Malam Ɗahiru ya tare ni, shi ne ma'aikacinmu na can, kuma shi zai kai ni a babur ɗinsa, don surukinsa a Babban Mutum yake. Malam Ɗahiru mutum ne dogo mai dariya tun kafin ya faɗi abin dariyar. Ya saya mini waina a bakin tasha, mai zafi, da miyar taushe. Ban gama ta biyu ba ya turo mini wayarsa.

"Injiniya, tunda Allah ya kawo ka. Yaron nan naka ya ce bai san ni ba."

"Ai reshenka kore ne."

"Da tsohuwar waya nake aikawa, wadda fuskarta ta tsage. Wannan sabuwar ya ce babu mai irin sunana."

Na duba. Ashe da ya sayi sabuwar waya ya sake rajista, amma ita ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ta rubuta Dahiru. Manhaja ta ga Ɗahiru ta ga Dahiru, ta ɗauka mutum biyu ne, ta ƙi ba na biyun izinin magana da Isa. Na goge baƙon, na ce ya shiga da tsohon sunansa. Ya sa kalmar sirri, aka ƙi. Ya sake, aka ƙi.

"Mene ne kalmar?"

Ya waiga hagu da dama, ya matso da bakinsa kunnena kamar zai gaya mini inda ya binne tukunya. "Ƙosai."

"Da wace ka?"

"Ka nawa ce a ƙosai?"

Wayar kosai take rubutawa, manhaja kuma ƙosai ta sani. Na sauke masa allon rubutu na Hausa, ƙosai ya fito da ƙugiyarsa, ƙofa ta buɗe. Na ce ya canza kalmar tunda yanzu na sani. Ya yi tunani mai zurfi ya ce zai mai da ita ƙuli-ƙuli, na ce wannan ma ya gaya mini.

Muka kama hanyar Baure. Abin da Malam Ɗahiru bai faɗa mini a Daura ba shi ne zai kai wa surukinsa zabi, kuma wanda ke baya shi ke riƙe zabi. Jakar kwamfuta a bayana, zabi ɗaure a hannuna, gero a dama da hagu ya fi mu tsawo. Duk ramin da muka faɗa sai su yi kuka tare, ni ma in taya su. Wajen Baure ɗaya ta kwance ta faɗa gona. Na tsaya ina gadin babur, Malam Ɗahiru da wasu manoma suka bi ta. Da suka dawo da ita sai da aka yi gaisuwa tun daga lafiyar iyali har zuwa ta shanu, suka kuma rantse sai mun sha fura. Mu a birni in ka taimaki mutum ya gode ka wuce. Can kuwa in ka taimake shi, sai ka kuma ciyar da shi.

Mun isa Babban Mutum bayan la'asar. Tun daga nesa da ƙofar gidan Malam Ɗahiru ya kashe babur, ya cire takalmi, ya daina dariya. Mutumin da ya cika mini kunne tun daga Zango ya durƙusa gaban surukinsa, wani tsoho ɗan ƙarami mai saƙar igiya, ya koma ba ya cewa komai sai "Na'am, Baba." Da aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, ya ce shi a ƙoshe yake, don ba ya cin abinci gaban suruki. Tsohon ya ce to baƙo ya ci na mutum biyu, kada a mai da kwano da saura matan gida su ji kunya. Na ci nawa, na ci na Malam Ɗahiru, shi yana gefe yana haɗiyar yawu yana harara ta. A zaure aka yi mini shimfiɗa, tare da wani rago da aka ce ba ya son kwana shi kaɗai. Da gari ya waye na tarar ya ɗanɗana igiyar cajata.

Malama Hanne ta zo da hantsi, da jakar allurarta a kafaɗa. Gajeriya ce, baƙa, mai magana a hankali. Ta gaishe ni kamar ni ne babba.

"Injiniya, an ce za a sallame ni."

Ban san labari ya riga ni zuwa ba. Na ce ba a kai nan ba tukuna.

"In don tsufa ne, ba komai. Amma kada a ce ban yi aiki ba. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba."

Na karɓi wayar. Abu na farko da na gani saƙo ne da Faransanci, ana yi mata maraba da zuwa Nijar, alhali muna zaune a zauren surukin Malam Ɗahiru. Nan na gane matsala. Garin yana bakin iyaka, sabis ɗin can ya fi na nan ƙarfi, waya takan tsallaka ba tare da mai ita ba. Wata rana ta buɗe manhaja a kan sabis ɗin Nijar, manhaja ta ɗauka ɓarawo ne daga ƙasar waje ya sace mata suna, ta rufe ƙofa. Kafin ta buɗe sai an turo lambar tabbatarwa, ita kuma lambar ba ta shigowa sai waya na kan sabis ɗin gida.

Na ce wannan ƙaramin aiki ne, mu nemi inda sabis yake. Aka ce bayan kasuwa, muka je babu. Aka ce gindin tsamiyar makaranta, muka je ya leƙo ya koma. Wani mai faci ya ce mu bi hanyar shanu mu yi arewa, akwai tudu. Malam Ɗahiru ya goya ni, Malama Hanne ta hau ɗan acaɓa, muka shiga cikin gero ina riƙe da waya sama.

Ban ga shinge ba, ban ga tuta ba. Gero iri ɗaya, rana iri ɗaya. Sai kawai muka ɓullo gaban wata rumfa, wani jandarma zaune yana fifita gawayin shayi.

"Mushe," in ji shi, wato yallaɓai a Faransancinsu, "ina zuwa?"

Na sauka na fara bayani da Turanci, ban san dalili ba. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Yi Hausa, ɗan'uwa, mu duka mu huta." Ya nemi katin shaida, wanda shi ya kira kardandante, na ba shi. Malama Hanne kuwa ko tambayarta bai yi ba, ya miƙe ya gaishe ta da Inna, ashe ta taɓa duba masa tunkiya. Na ce sabis muke nema. Ya ce me? Malam Ɗahiru ya ce, "Rezo yake nufi."

"A, rezo! Naku ko namu?"

"Namu."

Ya nuna wani ƙaton suri a bayan rumfar. "Hau can. Ƙasar tamu ce, amma rezon naku ne. Mu in muna son namu, garinku muke shiga."

Haka na tattare babbar rigata na hau suri a cikin ƙasar mutane. A can ƙoli sandunan sabis suka cika. Malama Hanne ta riga ta sa kalmar sirrinta a ƙasa, na danna a turo lamba, ta shigo. Ina cikin shigar da ita gara suka gano akwai baƙo a kan gidansu. Na yi kuskuren lamba, na sake nema, ina taka rawar da ban yi niyya ba, jandarma na ƙasa yana ba ni shawara in daina motsi. A karo na gaba ƙofa ta buɗe. Kafin in sauko na shiga ta wajena na sanar da manhaja cewa wannan ma'aikaciyar bakin iyaka ce, in an gan ta a Nijar kada a sake rufe mata ƙofa.

Na sauko ina susa, amma raina fes. Jandarma ya ba mu shayi a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗaci kamar magani, da burodinsu dogo mai tauri wanda za a iya korar akuya da shi. A gindin surin sabis na ɗan kamawa, don haka na miƙa wa Malama Hanne wayarta.

"To Malama, gwada mu gani. Aika masa aikin jiya."

Ta gyara zama, ta rubuta a hankali da yatsa ɗaya, ta aika. Muka jira. Isa bai ce uffan ba.

Kunya ta kama ni gaban jandarma. Na duba rajistarta, lafiya. Na duba izinin Isa a ɗakin, lafiya. Na aika masa saƙo daga wayata, ya amsa nan take har da "ranka ya daɗe". Na ce ta sake, wannan karon ina kallon hannunta. Ta rubuta sallama cikakkiya. Ta sa alamar kira, harafin nan mai naɗe da wutsiya. Sannan ta rubuta: "Kai yaron nan, jiya an yi wa awakin rugar yamma allura."

"Malama, ai ba ki kira shi ba. Ba ya jin magana sai an ambaci sunansa."

"Na kira shi."

"Sunansa za ki rubuta. Haruffa uku ne kawai. I, sa."

Ta kau da kai ta dubi gero. Na ja hirar ɗakin sama da yatsa, na yi ta ja ba ta ƙare ba. Aikin kowace rana yana nan, ruga bayan ruga, ba ranar da ta tsallake har zuwa lokacin da aka rufe mata ƙofa. Kuma kowanne da "Kai yaron nan" ya fara.

Na buɗe baki zan yi mata bayanin yadda na'ura ke aiki, sai na tuna da tawa uwar. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" take ce mini, ko a asibiti sai dai ƙanwarta ta faɗa. Na rage murya.

"Malama, sunan ɗan fari ne?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce, "Ko a takardar makaranta ban taɓa rubutawa ba."

Malam Ɗahiru ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Jandarma ya tafa hannu ya ce wallahi ko uwarsa haka take, injin ne mara kunya. Ni ma na yi dariya, ta sauƙin rai, don ga aikinta a rubuce, ba mai korar ta, kuma gyaran bai fi shan ruwa ba.

"Shi ke nan, Malama. Yanzun nan zan canza masa suna gaba ɗaya. Mu sa masa Ɗan Aike, kowa ya huta."

"A'a."

Yadda ta faɗa ya sa Malam Ɗahiru ya haɗiye sauran dariyarsa.

"Kada ka canza. Ka dai yi mini wata hanyar da zan kira shi."

Na ce me ya sa, tunda sunan ne ya kusa raba ta da aiki? Ta ajiye kofin shayinta.

"Mai sunan ya tafi neman kuɗi arewa, ta Agadas. Da yana kira. Ya daɗe bai kira ba." Ta nuna wayar da haɓa. "Shi wannan kullum da safe sai ya gaishe ni. Sunan ya fito a fuskar waya, a ƙasa an rubuta ina kwana. Na san inji ne, Injiniya, ban haukace ba. Amma da aka rufe mini ƙofar nan, ba aikin ne ya fi damuna ba."

Gaisuwar safen nan ni na ƙara ta, don kawai in burge Oga. Ban taɓa tunanin akwai mai jiran ta ba. Na sunkuyar da kai kan kwamfuta kamar aikin mai wuya ne. Na ƙara wa Isa suna na biyu da zai riƙa amsawa, "yaron nan". Na ce ta sake aikawa.

Ta aika. Wayar ta yi ƙara. Daga inda nake na hango sunan ya fito, da amsa a ƙasa: "Na ji, Malama Hanne. Sannu da aiki." Ba ta karanta a gabanmu ba. Ta kife wayar a cinyarta kamar yadda uwa ke kau da ido in ɗan fari ya shigo cikin mutane, amma hannunta na kai har muka tashi.

Dawowa ba ta da labari, sai dai surukin Malam Ɗahiru ya ba ni zakara, kuma kun san wanda ke riƙewa. Kafin in iso Daura na sa Isa ya bi tsofaffin saƙonninta ya kwashe duka. Na tarar allo kore, Oga zaune a ƙarƙashinsa yana karɓar baƙi da murya sama. Na nuna masa aikinta tun daga farko. Ya karanta, ya yi gyaran murya, ya ce dama shi bai taɓa shakkar Malama Hanne ba. Maganar sallama ta mutu a nan.

Sai ya tambayi abin da ya jawo. Na gaya masa rabin farko, na kunyar ɗan fari, ya yi dariya har da hawaye. Da ya share ido ya ce, "To ai sai a cire sunan nan kowa ya huta, kada gobe wata ta sake. Sa masa sunan ƙungiya."

Na ce, "Yallaɓai, ba zai yiwu ba. Da sunan aka yi masa rajista tun daga tushe. In aka taɓa shi, komai rushewa zai yi, har allon nan."

Ya dubi allonsa, ya ce to a bar shi.

Ƙarya na yi masa, aikin bai kai a dafa shayi ba. Ku 'yan majalisa da kuka matsa sai kun ji labari, ga shi kun ji. Wanda ya kai wa Oga wannan magana, shi zai je Babban Mutum ya gaya wa Malama Hanne da bakinsa cewa an cire sunan.